Gem ɗin nan da ake yawo da waya a titi, me ya sa unguwarmu fayau take?

Baban Ilham, Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin waya ku taimaka min da bayani. Likita ne ya ce sugana ya fara hawa, lallai in riƙa tattaki kullum ko da na rabin awa ne, ni kuma rayuwata daga gida sai shago sai masallaci, duk a kan mashin, in na ce zan fita tattaki haka kawai ba inda na nufa sai in ji abin ya yi min nauyi. To da muka yi waya da ƙanina da ke karatu a Maleshiya shine yake ce min ai akwai wani gem Pokémon Go wanda ba a yinsa a zaune, dole sai ka taka da ƙafarka ka je wurin da taswira ta nuna maka, ya ce can har dattawa masu furfura yake gani da yamma suna yi. Ya turo min hoton sikirin ɗinsa, ko'ina wasu shuɗayen alamomi ne cunkus.

Na sauke na buɗe akawun, sai ga ɗan mutum tsaye a kan taswira, in na matsa shima ya matsa, wannan kam ya burge ni ƙwarai. Amma fa unguwarmu fayau. Layuka ne kawai da kore, babu shuɗiyar alama ko ɗaya, 'yan ƙwallayen da aka ba ni da farko don kama halittun katun da ke fitowa a gem ɗin na jefe su sun ƙare, yanzu ko halittar ta fito sai dai in bi ta da ido. Shin wayata ce ba ta da ƙarfi ko wani abu ne ban kunna ba? Sannan ta ina ma ya san inda nake tsaye? Kuma ku faɗa min tsakani da Allah, abin nan zai yi wa mutum irina amfani ko in goge shi kawai.

Ɗan Taswira

Wa alaikumus salam Baban Ilham, Allah ya ƙara afuwa. Wayarka lafiyarta ƙalau, tunda ɗan mutumin yana bin ka in ka matsa to GPS ɗinka na aiki kenan. Yadda yake sanin inda kake, akwai taurarin ɗan adam da ke kewaya duniya a nisan kilomita dubu 20 da ɗoriya, kowanne yana ta aiko da saƙon lokaci da inda yake, wayarka sauraro kawai take yi, in ta kama aƙalla guda 4 sai ta lissafa inda take. Shi ya sa in ka shiga cikin ɗaki ko lungu mai matsatsi zaka ga ɗan mutumin yana ta yawo shi kaɗai alhali kana tsaye.

Maganar fayau ɗin kuma tana da tarihi, ka yi haƙuri zan ɗan ja ta saboda in ba a fahimci nan ba sai mutum ya yi ta zargin wayarsa. Kamfanin da ya yi gem ɗin sunansa Niantic, a cikin Google aka fara shi kafin ya ɓalle ya tsaya da ƙafarsa a 2015, shugabansa na lokacin John Hanke shine dama mai kamfanin Keyhole wanda Google ta saya a 2004 ta mayar da shi Google Earth. Kaga kenan mutanen taswira ne tun asali, ba mutanen katun ba. A 2012 suka fitar da wani gem mai suna Ingress, ana rabuwa gida biyu, masu kore da masu shuɗi, kowane ɓangare yana ƙoƙarin kama wasu wurare na zahiri a cikin gari ya haɗa su da juna ya mamaye filin da ke tsakani. Su waɗannan wuraren ba kamfanin ne ya bi gari gari ya zaɓo su ba, masu wasan aka ce su ɗauki hoton duk wani abu mai jan hankali a unguwarsu, tsohon gini ne, zanen bango ne, allon tarihi ne, wurin ibada ne, su tura da sunansa da inda yake. Shekaru suka yi suna turawa kyauta.

Da aka zo fitar da Pokémon Go a watan Yulin 2016 sai kawai aka kwashi wannan tarin wuraren aka mayar da su shuɗayen alamomin da ka gani a wayar ƙaninka, su ake cewa PokéStop, manyan kuma suka zama wuraren fafatawa. To duk garin da aka samu 'yan Ingress da yawa a wancan lokacin ya cika maƙil, inda ba a samu ba ya tashi ba komai. Mu nan a 2012 da 2013 mutum nawa ne ke da Android mai GPS mai kyau da datar da zai yi ta yawo yana ɗaukar hoton gini? Wannan shine duk sirrin. Kuma ba mu kaɗai ba, 'yan ƙauyukan Amurka da Turai tun farkon gem ɗin suke wannan kukan.

Abin da ya sa rashinsu yake kashe wasan, a jikinsu ake samun ƙwallaye da ƙwai da sauran kaya, ka je kusa ka murza alamar ta zubo maka, bayan minti 5 ka sake murzawa. Da can sai ka matsa kamar mita 40, lokacin korona a 2020 suka ninka zuwa 80, da suka so mayar da shi baya a 2021 masu wasa suka yi musu ca dole suka bar shi a 80 ɗin. In babu su kusa da kai to ko dai ka sayi ƙwallaye da kuɗi ko ka samu abokai a ciki su riƙa turo maka kyauta kullum. Ka ce ƙaninka ya ba ka lambarsa ta cikin gem ɗin ku ƙulla abota, shi da yake cikin yalwa ya riƙa turo maka, wannan kaɗai zai rage maka matsala sosai. Sannan ka ja taswirar ka duba wajajen Samaru da Kongo da cikin birni, galibi a jami'o'i da wuraren tarihi aka fi dacewa da su.

Abba Kurna

slm baba, ni dai gaskia bazan boye maka ba, duk bayanin da oga yayi daidai ne amma akwai abinda ya tsallake. Nan Kano ka fito da waya a hannu kana tafiya kana kallon sikirin ai ka gama tallata kanka, yan kwacen waya abinda suke jira kenan, kuma su ba wayar kadai suke tsayawa ba wuka ce a kugunsu, mun rasa mutane akan wayar da bata kai dubu hamsin ba wlh abin yana min ciwo. Na buga gem dinnan lokacin da yake tashe, mu uku muke fita ni da abokaina, ranar da na hakura da shi wani magariba ne muna tsaye jikin wata katanga muna jiran wata halitta ta fito kawai sai wani dan adaidaita ya rage gudu na bayansa ya miko hannu, Allah yasa abokina ya rike gam sai kebur din caji suka fizge suka tafi da fawa bank din, hannunsa har ya kwailaye.

kuma ba mu kadai bane, a Amurka ma satin farko da gem din ya fito yan sanda a jihar Missouri sun kama wasu samari da suke fakon masu wasa a wajen alamomin da ba jama'a suna musu fashi da bindiga, tunda kowa yasan inda alamar take kuma yasan dole wani zai zo. Banda hatsari, a Japan wata daya kacal da fitowarsa wani direba yana tuki yana bugawa ya kade mata biyu daya ta mutu. Ga cin caji, GPS a kunne data a kunne hasken sikirin har karshe saboda rana, waya tayi zafi jau a hannunka, mu da wuta ma sai an ga dama. Ni shawarata kayi tattakinka bayan asuba waya na aljihu ka dawo gida lafiya, yafi.

Maman Hanif, Birmingham

Abba ƙanina Allah ya tsare gaba, abin da ka faɗa babu ƙarya a ciki kuma ba zan ce wa Baban Ilham ya yi wasa da shi ba. Amma ina so in faɗi ɗaya gefen saboda ni ganau ce. Ɗana na fari yaro ne mai shiru, in ya dawo makaranta ɗaki yake shigewa, ga sanyin ƙasar nan da duhu tun ƙarfe huɗu lokacin hunturu, duk yadda na yi ya fita ya ƙi. Gem ɗin nan ne ya fitar min da shi. Akwai ƙwai da ake samu a ciki, wani sai ka yi tafiyar kilomita 2 zai ƙyanƙyashe, wani 5, wani 10, kuma ba a yi masa wayo da mota domin da gudun ya wuce na ɗan sassarfa ya daina ƙirgawa. Sai ga yaron da ba ya son zuwa ko shagon bakin layi yana cewa Mama zo mu ƙara zagaye ɗaya saura kaɗan ya fashe. Nima ta haka na shiga, ciwon gwiwar da nake fama da shi ya yi sauƙi ba kaɗan ba.

Tun 2018 duk wata suna ware rana ɗaya, yawanci awa uku, wata halitta guda ta yi ta fitowa da yawa, ranar in kika je wurin shaƙatawar unguwa sai ki ga mutane sun fi ƙarfin kujerun wurin. Akwai wata tsohuwa Baturiya da ke zuwa da sandarta da fulas ɗin shayi, waya biyu take riƙewa tata da ta jikanta, ita ta koya wa ɗana yadda ake murza ƙwallon kafin a jefa. Sannan akwai manyan halittu da mutum ɗaya ba ya iya kayar da su sai an yi musu taron dangi, dole ka yi wa na kusa da kai magana ko ba ka san shi ba. Shekarata nawa a unguwar nan maƙwabta ba ma wuce gaisuwa, ta dalilin wannan na san sunayensu.

Abin da ban yarda da shi ba kuma na kafa wa yarana doka a kai shine wuraren da ba na wasa ba. Masallacin da muke zuwa akwai alama a jikinsa, na ce musu daga mun shiga harabar waya ta koma jaka, ko me zai fito ya fito. Maƙabarta ma haka. Wannan rigimar tun 2016 ake yinta, gidan tarihin kisan Yahudawa da ke Washington sai da suka fito suka roƙi mutane su daina wasa a ciki, Hiroshima inda ake tunawa da waɗanda bam ɗin nukiliya ya kashe su ma suka nemi a cire musu alamomin, a Rasha wani matashi da ya ɗauki bidiyon kansa yana bugawa a cikin coci har kotu ta kai shi ta same shi da laifi a 2017. A Bosniya kuwa gargaɗi aka yi wa mutane kar su bi halitta su faɗa filayen da aka binne nakiyoyi tun lokacin yaƙi. Ita taswirar ba ta san alfarmar wuri ba, ɗigo ne kawai a wurinta, mai riƙe da wayar shi zai sani.

Yaya Baban Ilham in zaka yi, kar ka yi kai kaɗai, kuma ka zaɓi wuri mai katanga da masu gadi.

Baban Ilham, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Hajiya Allah ya raya su Hanif. Malam Ɗan Taswira na ja taswirar kamar yadda ka ce amma ba ta nuna nesa sosai, sai dai in na shiga Samaru zan duba. Tambaya biyu ta ƙaru. Wani yaro a layin shagonmu ya ce akwai manhajar da zai sa min wadda zata nuna wa gem ɗin wai ina Landan ko Tokyo alhali ina zaune a shago, ya ce kowa haka yake yi. Na biyu, tunda ka ce mutane ne suka tura wuraren, mu yanzu ba za mu iya tura namu ba? Ga ƙofofin gari, ga ganuwa, ga fadar Sarkin Zazzau, ai ba a rasa abin nunawa ba a Zariya.

Ɗan Taswira

Kar ka bari ya sa maka. Na ɗaya kamfanin yana farautar masu yin haka, gargaɗi ne da farko, sai dakatarwa, sai a rufe akawun ɗin gaba ɗaya. Na biyu yawancin irin waɗannan manhajojin ba daga Play Store ake sauke su ba, ka ba wa abin da ba ka san wanda ya haɗa shi ba izini a wayar da kake tura kuɗi da ita, ka san sauran. Na uku kuma wanda ya fi damuna, kai tattaki likita ya ce ka yi.

Tambayarka ta biyu ita ce ta faranta min rai, domin ita ce maganin abin na gaskiya. Ana iya turawa har yanzu, tsarin sunansa Wayfarer, sai dai sai ka kai wani mataki mai ɗan nisa a gem ɗin kafin a buɗe maka. Ka ɗauki hoton wurin, ka rubuta sunansa da dalilin da ya sa yake da muhimmanci, wasu masu wasan su duba su kaɗa ƙuri'a. Akwai wuraren da ba sa karɓa, gidan mutum, makarantar firamare da sakandare, inda zai tare wa motar asibiti ko ta kashe gobara hanya, da duk inda mai tafiya a ƙasa ba zai isa lafiya ba, misali abin da ke tsakiyar shataletale. Matsalar da muke fuskanta, mai dubawar sau da yawa bai taɓa ganin ginin ƙasa ba, ka tura masa Ƙofar Doka ko wani tsohon zaure mai zanen dagi, in ba ka yi bayani mai kyau ba sai ya wuce shi. Shi ya sa ake son hoto mai haske da bayani gamsasshe.

Akwai wani aikin ma da ba ya buƙatar kowane mataki. Tun ƙarshen 2017 layuka da tituna da filayen da kake gani a gem ɗin daga OpenStreetMap ake ɗauko su, taswira ce da kowa zai iya buɗe akawun kyauta ya zana layinsu ya sa masa suna. Ni abin da ya sa nake wannan harkar kenan, ba don halittun ba. Ka duba unguwannin cikin birni a taswira ka ga lunguna nawa ne babu su sam, alhali mutane dubbai ne ke kwana a ciki, kuma taswirar nan ita ƙungiyoyin agaji da ma'aikatan lafiya suke amfani da ita a wurare da yawa. In ba mu sa ba babu wanda zai taso daga Kalifoniya ya sa mana.

Sai dai ka sani duk inda ka taka da gem ɗin a kunne yana wurinsu. Iran tun watan Agustan 2016 ta hana shi gaba ɗaya da hujjar tsaro. A 2025 kuma Niantic ta sayar da ɓangaren wasanninta ga kamfanin Scopely a kan dala biliyan 3.5, shi kuma Scopely mallakar wani kamfani ne na asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya. Saboda haka kar ka sa sunanka na gaskiya a akawun, kar ka kusanci bariki ko shingen jami'an tsaro kana ɗaga waya kana ɗaukar hoto.

Maganar Abba kuma akwai mafita. Ka shiga saitin gem ɗin ka kunna Adventure Sync, zai riƙa ƙirga tafiyarka ko gem ɗin a rufe yake waya na aljihu, ka dawo gida ka buɗe ka tarar ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ko ka duba wani gem Pikmin Bloom wanda Niantic ta fitar a 2021, shi kusan gaba ɗaya a kan yawan takunka aka gina shi, ba ya matsa maka da neman alamomi.

Malama Rabi, Maraɗi

Sannunku da ƙoƙari, na karanta duka. Ni malamar makaranta ce, ina so in ƙara wani abu da ya girmi duk waɗannan, kuma ba ya cin data. A watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da take yi wa farar hula da gangan, kafin nan kuskurensa yakan kai mita 100. Washegari wani mutum Dave Ulmer ya ɓoye bokiti a daji a jihar Oregon, ya zuba 'yan kayayyaki da littafin sa hannu, ya rubuta lambobin wurin a intanet ya ce duk wanda ya gano ya ɗauki abu ɗaya ya ajiye wani. Daga nan aka samu wasan Geocaching, yau akwai irin wannan ɓoyon sama da miliyan 3 a duniya.

Ban ce kowa ya je ya binne gwangwani a bakin kasuwa ba, a halin da ake ciki daga nan har wajenku wanda ya gan ka zai ce bam ne ko asiri, kafin ka yi bayani an tara maka jama'a. Amma a cikin harabar makaranta da izinin darakta ni ina yi da ɗalibaina. In sa takarda mai tambaya a cikin gwangwanin madara in ɓoye a gindin bedi ko bayan tankin ruwa, in rubuta musu lambobin a allo, in raba su rukuni rukuni kowane rukuni da waya ɗaya. GPS ba ya buƙatar data, in an sauke taswirar tun a gida shikenan. Yaran da na yi ta fama su gane layin tsaye da na kwance a darasin labarin ƙasa, ranar da suka ga lamba tana sauyawa in sun yi gabas wata kuma in sun yi arewa ba wanda ya sake tambayata. Baban Ilham kai ma zaka iya yi da su Ilham ranar da babu makaranta, wani babba a gidan ya ɓoye ku kuma ku nema, sai dai a bar tazara mai kyau tsakanin wuraren domin waya takan yi kuskuren mita biyar zuwa goma, in sun yi kusa da juna yara rikicewa suke yi.

Ɗan Taswira

Malama wannan tsarin naki zan gwada shi a islamiyyar unguwarmu in shugaban ya yarda. Baban Ilham in ka samu kwamfuta ko ta aro ce ranar Asabar bayan la'asar ka yi min magana ta akwatin saƙo, zan nuna maka yadda ake zana layi a OpenStreetMap, mu fara da naku. Kafin nan ka tambayi mai unguwa ainihin sunayen lungunan da yadda ake rubuta su, domin in aka sa ba daidai ba haka wasu manhajojin za su kwafa.